Farar Ƙasar Da Ke Ƙarƙashin Gonar Yayana

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda in ba an tuna mani ba, ba na tunawa. Amma abin da ya faru da yayana a kan wata gona da ke kudu da Batagarawa, ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Allah. Ba a yi rashin rai ba, ba a kuma ɗaure kowa ba. In aka ce ma in nuna azzalumi a cikin labarin, zan daɗe ina dubawa. Abin da ya sa ya zauna mani shi ne, a gabana mutum mai hankali, wanda ya san ciniki tun yana yaro, ya sayi abu da kuɗinsa na halas, gaban shaidu, daga baya aka ce mashi abin da yake zaton ya saya ɗin ba na sayarwa ba ne.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Gidanmu na gado yana cikin Gobarau, inda har yanzu mahaifiyarmu, Inna, take zaune. Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne a Babbar Kasuwa, kuma da ya rasu Yaya ne ya gaji rumfar, domin shi ya tashi a gindin buhuna. Ni makaranta aka tura ni, na zama malamin firamare. Yaya ya riƙe rumfar da kyau, a cikinta ya yi aure, a cikinta ya je Makka ya kuma kai Inna. Sai dai shi mutum ne da zama wuri guda ke ci mashi rai. Ga shi a shekarun nan harkar hatsi ta yi nauyi. Wasu ƙauyukan da ya saba saro kaya sun daina shiguwa saboda rashin tsaro, masu sayen buhu sun koma sayen tiya. Duk wanda ya zauna da shi a lokacin ya san yana neman wata mafita.

Wata rana bayan la'asar na je gaida Inna, sai ga shi ya shigo da baƙar leda a hannu. Ya zauna bakin tabarma, ya kwance ledar, ya ajiye wani farin dunƙule a tsakaninmu.

"Malam, mi ka gani nan?" Tun da na fara koyarwa yake ce mani Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce, "Alli."

"Farar ƙasa ce. Irin wadda masu yin fenti suke saye mota-mota."

Ya ce ya je sayen gero wani ƙauye bayan Batagarawa, a hanyar dawowa ya ratse ya kama ruwa a wani kwari da ruwan sama ya zaizaye a gefen wata gona. Yana ɗaga kai ya ga bangon kwarin fari fat. Ya ɓaro guntu ya aika wa wani dillali a Kano, dillalin ya aiko cewa mai kyau ce ƙwarai, ko nawa aka samu a kawo. Ya kuma bincika, mai gonar tsoho ne, yana son sayarwa.

Inna ta ɗauki dunƙulen ta murtsuke gefensa da yatsa, ta ce, "Da irin wannan muke shafe ɗaki lokacin muna amare. Ban taɓa jin wanda ya yi arziki da ita ba."

"Yanzu zamani ya canza, Inna." Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. "Rumfar zan saida in sayi gonar, sauran in yi jari."

"Rumfar ubanku?"

"Inna, rumfar nan ciyar da mu kawai take yi, ba ta ƙara komai."

"To ciyarwar ƙaramin abu ce?"

Rumfar ta riga ta faɗa rabonsa tun da aka raba gado, don haka ba mai ikon hana shi. Inna ta kakkaɓe hannunta ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da duk ɗan da ta haifa ya san ba yarda take nufi ba.

Idan na tuna zaman nan yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne tambayoyin da na yi mashi. Na tambaye shi ko mota za ta iya shiga wurin da damina. Na tambaye shi ko dillalin mai amana ne. Na tambaye shi in farashi ya faɗi fa. Duk ya ba ni amsa, amsoshi masu ma'ana kuwa. Amma ko sau ɗaya bai zo mani a rai in ce, "An yarda a haƙa?" ba. Mu duka ukun da ke kan tabarmar, abin da muka tashi da shi shi ne, wanda ya mallaki gona ya mallake ta daga ciyawar da ke kanta har zuwa inda ƙasa ta ƙare.

Ba a daɗe ba ya saida rumfar. Ni na raka shi ranar cinikin gonar, ina cikin shaidu. Mai gonar dattijo ne siriri, mai yawan fara'a. 'Ya'yansa maza duk sun shigo birni, ɗaya yana acaba, sauran suna leburanci, ga shi gonakinsa biyu, ƙarfinsa bai kai ya noma su duka ba. Ya zagaya da mu ya nuna iyaka: daga gindin wata tsamiya, a bi kwarin nan, har zuwa wani layin gamba da ke yamma. Ya tsaya a wurin gamban ya nuna da sandarsa ya ce, "Daga nan kuma ba nawa ba ne. Filin kiwo ne na gwamnati, ga burtali can ya ratsa." Yaya bai ambaci farar ƙasa ba, tsohon kuma bai tambayi abin da ɗan kasuwar birni zai yi da gonar da rabinta ba ta da albarkar kirki ba. Aka koma zauren mai gari, aka rubuta takarda, aka sa hannu, aka shafa fatiha.

Ana gama kaka Yaya ya kawo masu haƙa. Da farko 'yan kaɗan ne, da diga da shebur da bokiti. Kafin rani ya yi nisa wurin ya zama kamar ƙaramar kasuwa. Samarin ƙauyen da suka saba tafiya cin rani suka fasa, har ɗan tsohon nan mai acaba ya ajiye babur ya dawo ya kama diga. Mata suna kawo fura da ɗanwake, wani ya kafa teburin shayi a gindin tsamiya, tifa tana shiga tana fita. Nakan je ranar Asabar in ba makaranta. Sai in tarar da Yaya tsaye bakin rami, ya yi fari tun daga hula har takalmi, gira da gemu duk fari, yana ba da umarni yana dariya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan rani ba. A ƙauyen kuwa ba a kiran sunansa, sai dai a ce Alhajin farar ƙasa.

Matsalar ta fara ne daga ƙasar kanta. Shugaban masu haƙar ya gaya mashi cewa a cikin gonar farar ƙasar ba ta da kauri, ana ɗan nitsawa sai a tarar da tsakuwa. Amma tana ƙara kauri tana ƙara haske in aka nufi yamma, wajen layin gamba. Ina wurin lokacin da suka yi maganar.

Yaya ya dubi filin da ke bayan gamban, fili fetal, ba kowa sai 'yan awaki can nesa. Ya ce, "Wai filin nan na wa aka ce?"

"Na gwamnati, Alhaji."

"To gwamnati ai mu ne."

Aka yi dariya, har da ni. Da na koma Asabar ta gaba, ramuka sun ƙetare gamban.

Ba a jima ba saniyar wani Bafulatani, mai ciki, ta rufta ɗaya daga cikin ramukan ta karye, dole aka yanka ta. Yaya bai yi gardama ba, ya biya mai saniyar ya ba shi haƙuri. A ganinsa magana ta ƙare. Amma ardonsu ya ga ramukan sun kusa cinye burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa, ya kai kuka ƙaramar hukuma. Daga can maganar ta hau sama, ta kai inda mu ba mu ma san akwai shi ba.

Ranar wata Asabar ce da hantsi, ina zaune a teburin mai shayi, sai ga motoci biyu sun biyo hanyar tifa. Ta baya jami'an tsaro ne a ciki. Daga ta gaba wani mutum ya fito, mai matsakaicin shekaru, da 'yar riga mai aljihuna a kan kaftaninsa. Masu haƙa suka fara fitowa daga ramuka ɗaya bayan ɗaya, wasu suka sulale ta kwari. Mutumin ya yi sallama, ya miƙa wa Yaya hannu ba tare da ya damu da farin da zai shafe shi ba, suka gaisa gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da gajiya. Sannan ya ce shi jami'in kula da ma'adinai ne na gwamnatin tarayya.

"Alhaji, wa ke da wurin nan?"

"Ni ne."

"Madalla. Ina lasisinka?"

Yaya ya juyo ya ce mani, "Malam, ɗauko takardar nan a mota." Na ɗauko takardar cinikin gona mai hatimin mai gari. Jami'in ya karanta ta har ƙarshe, har sunayen shaidu, sannan ya mayar wa Yaya da hannu biyu.

"Wannan takardar gona ce, Alhaji, kuma ban ga aibunta ba. Ni izinin haƙar ma'adinai nake tambaya."

"Gonata ce fa. Da kuɗina na saye ta."

"Gonarka ce, ban musa ba. Ka shuka abin da kake so, ka haƙa rijiya ka sha ruwa. Amma ma'adinin da ke cikin ƙasa, ko a gonarka yake, ko a tsakar gidanka, ko a filin kiwon can da kuka shiga, na gwamnatin tarayya ne. Gwamna ba shi da shi, sarki ba shi da shi, balle mai gari ya shaida cinikinsa. Ba mai taɓa shi sai da lasisi daga Abuja."

Yaya ya dubi takardar da ke hannunsa, ya dubi ramin da ke gabansa. Sai ya yi wata tambaya da har yau nake jin ta a kunnena.

"To ranka ya daɗe, gaya mani. Gonar tawa zurfinta nawa ne? Daga ina tawa ta ƙare, ta gwamnati ta fara?"

Wasu daga cikin masu haƙar suka yi dariya, suna zaton ba'a yake yi. Ni na san ba ba'a ba ce. Ɗan kasuwa ne da ya saba sanin iyakar abin da ya biya, yana so a auna mashi. Jami'in ma bai yi dariya ba.

"Ba da zurfi ake aunawa ba, Alhaji. Da abin da aka samu ake aunawa. In ƙasar noma ce, taka ce." Ya taɓa wani farin dunƙule da bakin takalminsa. "In wannan ce, ko a sarari ka tsince ta, ba taka ba ce."

Ɗan tsohon nan da ya ajiye babur yana tsaye da diga a kafaɗa, ya ce, "To mu fa, yallaɓai?"

Jami'in ya ce, "Ku ajiye kayan aiki ku tafi gida. Ba ku muka zo nema ba."

Aka tsare tifar da aka riga aka loda, aka ce buhunan da ke jibge kada wanda ya taɓa su. Aka ce Yaya ya shiga mota a je gari ya yi bayani. Bai yi musu ba. Ya kakkaɓe rigarsa, abin da bai rage komai ba, ya shiga bayan motar jami'an tsaro a gaban mutanen da yake biya kullum, da matan fura, da mai shayi. Na bi su a baya da motarsa. A can aka ɗauki bayaninsa, na tsaya mashi a matsayina na ma'aikacin gwamnati, kafin magariba muka fito. Jami'in ya ce da yake bai yi taurin kai ba, kuma ga alama rashin sani ne, ba za a kai shi kotu ba in ya cika sharuɗɗa: ya dakatar da aiki, ya cike ramukan da ke gonar da filin kiwo, in yana son harkar ya bi hanya ya nemi lasisi.

Muka kama hanyar gida har muka shigo Gobarau. Da na tsayar da mota sai ya ce, "Kai da ka yi boko, ba ka san da wannan ba?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai ya fita. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Aikin ƙarshe da ya ba masu haƙar shi ne su mayar da abin da suka tono. Na je na gani. Mutanen da suka yi watanni suna fito da farar ƙasa daga rami su ne suka koma suna zuba ta ciki, suna bi da jar ƙasa, suna daddannawa. Ba mai waƙa, ba mai tsokana kamar da. Da aka gama kowa ya kama gabansa. Mai acaba ya koma acabarsa, mai shayi ya ɗauke teburinsa. Wasu kuma, na ji, sun nufi dazukan yamma inda ake haƙar zinari, inda ba mai tambayar lasisi, ba kuma mai tabbacin dawowa lafiya.

Yaya bai karaya nan take ba. Ya koma wurin jami'in, wannan karon da ƙafarsa, ya ce a nuna mashi hanyar. Aka jero mashi: ya yi rajistar kamfani, ya ɗauko safiyo ya auna wurin ya fitar da lambobinsa, ya kawo shaidar cewa yana da ƙarfin yin aikin, ya kawo amincewar mai ƙasa. Da aka zo kan amincewar mai ƙasa ya yi dariya ya ce ita kaɗai ce yake da ita a aljihu. Ya bi duk wannan ɗaya bayan ɗaya, da ɗan abin da ya rage mashi. Watanni suka shuɗe. Daga ƙarshe ya haɗa takardunsa ya hau mota zuwa Abuja.

Ranar da ya dawo gidana ya fara sauka, kafin ma ya je nasa. Ya ce a ofishin sun karɓe shi da mutunci. Wata ma'aikaciya ta shigar da lambobin gonar a kwamfuta, taswira ta fito, an yanka ta gida-gida kamar dara. Ta juyo mashi da fuskar kwamfutar ta nuna mashi wani babban gida mai launi. Gonarsa tana ciki. Ta ce wani kamfani ya riga ya karɓi lasisin binciken ma'adinai a duk wannan yanki, tun kafin shi ya san da wurin, kuma ƙa'idarsu wanda ya riga zuwa shi ake ba. Muddin lasisin kamfanin yana raye, ba za a ɗora nasa a kai ba sai da yardarsu.

"Malam, ƙauyen gaba ɗaya yana ciki," ya ce. "Da filin kiwon, da gidan mai gari, har masallacinsu. Suna ta sallah a cikin lasisin wani ba su sani ba."

Da muka tambayi mai gari, sai ya tuna cewa shekarun baya wasu baƙi sun taɓa zuwa da wata na'ura, suka gaishe shi, suka yi mashi bayanin da bai gama fahimta ba, suka ɗebi ƙasa a 'yan jakunkuna suka tafi. Tun daga nan bai ƙara ganinsu ba.

Da ƙyar Yaya ya samo wakilin kamfanin a waya. Aka yi sa'a wani aiki ya kawo shi Katsina, ya yarda su haɗu a masaukinsa, ni ma na je. Matashi ne mai ladabi, ya tashi tsaye ya gaida Yaya, ya sa aka kawo mana lemo. Ya saurari labarin duka bai katse ba. Sannan ya ce su ba farar ƙasa suke nema ba, wani ma'adini ne daban, kuma binciken bai kai inda za su fara haƙa ba. Yanke wa Yaya wani ɓangare kuwa ba ya hannunsa, akwai masu jari a kamfanin da ba za su so a taɓa ko taku ɗaya ba kafin a san abin da ke ƙasa. Amma ya tabbatar mashi, duk ranar da za su yi aiki a gonarsa sai sun zo sun zauna da shi, sun biya shi diyyar amfanin gona da ɓarnar da za a yi.

Yaya ya ce, "Wato ku ba za ku haƙa ba, ni ma ba zan haƙa ba."

"A yanzu dai haka ne, Alhaji."

"Har yaushe?"

"Lasisin yana da wa'adi. Amma ana sabuntawa."

Yaya ya miƙe, ya yi mashi godiya a kan lemon da bai sha ba, muka fito.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Wasu suka ce ya koma ya ci gaba a hankali, in an zo ya san abin da zai yi, ai ba shi kaɗai ke haƙa ba lasisi a jihar nan ba. Ya ƙi. Ban san ko tsoron Allah ne, ko tsoron hukuma, ko girman kai ba. Abin da ya gaya mani kawai shi ne, ba za a sake sa shi a bayan mota a gaban ma'aikatansa ba.

Daga nan ya shiga zaman gida. Daga ɗaki sai masallaci, sai gaida Inna. Ko hanya ta biyo da shi ta wajen Babbar Kasuwa sai ya zagaye. Matarsa ce ta riƙe gidan da ɗinki da sayar da ƙanƙara, ni ma ina ɗan tallafawa ta hannunta don kada ya sani. Inna kuwa ba ta taɓa ce mashi ai ta faɗa ba, ko da wasa. Sai da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ya je gaishe ta, ta ce mashi, "Na ji an ce kana da gona."

Ya ɗago ya dube ta.

"Masu gona sun fara shara. Ko kai taka ba ta son ruwa?"

Bayan ruwan farko ya ce in kai shi. Ya sayi irin gero, ya ɗauki 'yan ƙwadago, amma da muka isa sai ya tsaya a tsakiyar gonar, hannu a baya. Mutumin da zai damƙi gero ya gaya maka ƙasar da aka noma shi, ga shi bai san ta inda ake fara shuka ba. 'Yan ƙwadagon suna jiran umarni, shi yana kallon tabon ramukan da aka cike. Muna cikin haka sai ga tsohon da ya sayar mashi da gonar ya ɓullo ta gindin tsamiya, da sungumi a kafaɗa, zai wuce ɗaya gonar tasa. Rabonsu da haɗuwa tun ranar ciniki, domin duk lokacin da ake haƙar nan tsohon bai taɓa leƙowa ba. Na ga Yaya ya ɗan ja da baya kamar mai neman wurin ɓuya, amma fili ne.

Tsohon ya ƙaraso suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya yi barka da ruwa. Ya dubi buhun irin, ya dubi gonar, ya ce, "Alhaji, kada ka zuba geronka ko'ina. Wanga gefen na tsamiya shi ke son gero. Can wajen kwari wake za ka sa. Inda kuka tona kuwa ka bar shi bana, ka roƙi Fulanin nan su kwana da shanunsu a kai da rani, ko ya dawo hayyacinsa."

Yaya ya ce to. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, lokacin da na sayi gonar nan na san abin da ke cikinta. Ban gaya maka ba."

"Ai na gane daga baya."

"Ka yafe mani."

"Ba ka cuce ni ba, abin da na yanka shi ka biya. Da ka gaya mani ma, da na saida maka, ni ina na ga ƙarfin haƙa?" Ya gyara sungumin a kafaɗarsa. "Sai dai da na ji daɗi, a ce an gaya mani."

Ya juya wurin 'yan ƙwadagon ya nuna masu inda za su ja layin farko, ya tsaya har ya ga sun kama daidai, sannan ya wuce gonarsa.

Yau shekaru sun shuɗe. Yaya yana noma gonar, ya kuma koma harkar hatsi a hankali, ba rumfa, yana haɗa masu kaya da masu saye. Bai koma yadda yake da ba, bai kuma tagayyara ba. Kamfanin bai zo ba har yanzu. Ya shiga wata ƙungiya ta ƙananan masu haƙar ma'adinai da ke da rajista, lokaci-lokaci suna aikawa a duba masu ko lasisin nan ya faɗi. Ya ce in ya faɗi zai nema, in bai faɗi ba shi ke nan.

Na sha juya abin a raina, kuma ba na cewa dokar ba ta da dalili. Na ga yadda ramuka suka kusa raba shanu da ruwa cikin rani ɗaya, na san in aka bar kowa ya tona inda ya ga dama ba za a zauna lafiya ba. Ba na kuma cewa an kyauta wa mutanen ƙauyen nan, da ba su taɓa jin dokar ba sai ranar da ta zo masu a mota da jami'an tsaro. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba ni zan warware su ba.

Abin da ni dai na ɗauka ƙarami ne, amma ya zauna mani. Kafin mutum ya jingina rayuwarsa da ta iyalinsa a kan wani abu, ya fara sanin ko abin nasa ne, ya kuma tambayi wanda aikinsa ne ya sani, ba 'yan'uwansa da suke zato irin nasa ba. Ofishin jami'in nan yana cikin garin nan duk tsawon lokacin, kuɗin acaba kawai zai kai mutum, kuma da an shiga an tambaya da an faɗa mana kyauta. Mun yi shawara a kan hanya, a kan dillali, a kan farashi, muka bar tambaya ɗaya tilo domin a ganinmu amsarta a fili take. Tun daga lokacin, duk abin da na ji zuciyata ta ce mani ai wannan kowa ya sani, shi nake fara tambaya.